Ragowar Gari a Cikin Inji

Kwana tara da bayyana sakamakon zaɓe, unguwar ta rabu gida biyu. An ƙona tayoyi a kan titi, an rufe kasuwa kwana uku, maƙwabtan da suka shekara ashirin suna aron rariya a junansu suka daina ko gaisuwa. Wuri ɗaya ne kowa ke zuwa ko yana so ko ba ya so: rumfar Mai Inji, wadda ke yi wa unguwar niƙa tun rasuwar mijinta.

Dokarta ɗaya ce. A jera kwanuka a layi, wanda ya riga zuwa shi ake fara zubawa. Ba ta duban fuskar mai kwano.

Da hantsi sai ga ƙanen mijinta da mutum huɗu. Jam'iyyarsa ce ta ci, kuma tun daga ranar ya ɗaura ƙyalle a damtse ya naɗa kansa shugaban tsaron unguwa. Ya ce an yanke shawara, waɗanda suka faɗi zaɓe su ne masu tayar da fitina, don haka kada a ƙara yi musu niƙa. In ta ƙi, za su cire bel ɗin injin su tafi da shi.

Da wannan injin take ciyar da 'ya'ya huɗu. Amma ta kashe injin, ta buɗe murfin, ta ɗebo garin da ya maƙale a ciki ta nuna masa.

"Ka ga wannan? Duk niƙan da aka yi, sai inji ya riƙe tafi guda ya zuba wa na baya. Jiya kwanon matarka yana bayan na matar Tela, wanda kuka fasa wa ƙofa. Garinsu ka ci ka ƙoshi, har ka samu ƙarfin zuwa yi mini tsawa."

Matan da ke jira suka toshe baki da mayafi. Ya ce shi ba wasa ya kawo shi ba. Ita ma ta ce haka, ta ɗauko sifana, ta sassauta bel ɗin da kanta, ta rataya masa a wuya.

"Ga shi, ɗan ƙanena. Ni dai ba na niƙa wa rabin unguwa. Ko kowa, ko babu kowa."

Ta jawo kujera ta zauna. Ba wadda ta ɗauki kwanonta. Can sai Gwaggonsa, wadda ita ma jam'iyyarsa ta zaɓa, ta tura masa kwanon masararta da ƙafa. Ta tambaye shi ko ya zo da taɓarya, tunda yanzu shi ne injin unguwa, kuma tana so a gama kafin azahar. Wata ta turo nata, wata ma ta turo. Kafin ya waiwaya, mutanensa huɗu sun koma biyu.

Ya sauke bel ɗin zai ajiye a ƙasa. Mai Inji ta ce ba a nan ya same shi ba, ta miƙa masa sifanar, ta tuna masa cewa marigayi yayansa ya koya masa ɗaurawa. Ya durƙusa ya ɗaura, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ta tayar da inji, ta ɗauki kwanon farko a layi. Na matar Tela ne. Na Gwaggo yana biye da shi.