Ƙugiyar da Ta Cinye Dayi

Abdulmutallib ba ya ƙin Susana. Wallahi ba ya ƙin ta. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne yadda Alhaji Maiwada, shugaban ƙungiyar manoman masara ta Funtua, ke cika baki da sunanta tun ranar da aka ɗauke ta aiki. "Kai, 'yar Malumfashin nan akwai kwanya!" Sai ka ce shi Abdulmutallib buhun dusa ne aka jingine a ofis.

Alhali shi ya haifi Ɗan Aike, manhajar da manoman ƙungiyar ke tura saƙo da ita. Shi ya rubuta ɓangaren da ke ɗaukar saƙo daga wayar manomi ya miƙa wa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke rarraba wa kowa nasa, kuma mabuɗin shiga wurin yana hannunsa shi kaɗai. Ga shi yanzu Alhaji ya ce da an gama kakar bana zai damƙa ragamar aikin ga mutum ɗaya tsakaninsa da Susana. Tun da ya ji haka abinci ya daina yi masa daɗi.

Ana cikin haka sai saƙonnin manoman Dayi suka fara isowa da guntuwar wutsiya. A rubuta magana cikakkiya, ta iso ƙarshenta a gutsure. Na Funtua kuwa lafiya lau.

"Sabis ɗin ƙauye ne," in ji Abdulmutallib.

Susana ba ta yi musu ba. Ta buɗe allon da ke nuna zirga-zirgar saƙonni tsakanin waya da uwar garke, ta zuba masa ido tun safe har aka kira azahar. Can ta juyo da kujerarta.

"Malam Abdul, zo ka gani. Duk saƙon da aka gutsure akwai harafi mai ƙugiya a ciki. Waya tana ƙirga haruffa ta gaya wa uwar garke tsawon saƙon, ita kuma uwar garke gurbin da haruffan ke ci a ma'ajiyarta take ƙirgawa. Harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci. Kowace ƙugiya sai ta cinye harafi ɗaya a ƙarshe."

"To me ya sa na Funtua ba sa yi?"

"Ku a nan wa ke sa ƙugiya? Kai kanka Dan Aike kake rubutawa." Ta yi dariya. "Mutanen Dayi ni na yi musu rajista, na sa musu allon rubutun Hausa a wayoyinsu irin wanda muke buga waƙoƙin coci da shi."

Dariyar nan ta soke shi har zuci. Ya ce mata shaci-faɗi ne kawai, shi da ya gina abu ya fi kowa sanin inda yake yoyo.

Amma tana fita neman abinci ya jawo kwamfutarsa ya gwada. Ya rubuta "kasa", ta iso cif. Ya rubuta "ƙasa", sai ga "ƙas". Innalillahi! Gaskiyarta. Gyaran kuma layi ɗaya ne, ko shayi ba zai huce ba an gama.

Har ya ɗora yatsa, sai kishi ya riƙe masa hannu. In ya gyara yau, gobe Alhaji zai ji cewa Susana ce ta gano, shi ke nan an yi masa sakiyar da ba ruwa. In kuwa ya bari, ai Dayi gonarta ce, ita ta sa musu allon, ita za a tuhuma. Bayan ƙura ta lafa ya gyara abinsa, ya ce binciken kansa ne. Ya rufe kwamfutar. Da ta dawo ta roƙe shi ko mabuɗin ya ba ta ta gwada, ya ce ba a wasa da uwar garke ana tsakiyar kaka.

Ranar da mutanen Dayi suka fito da masararsu bakin titi, wakilinsu ya tura wa Jibril direban ƙungiya saƙo: "A turo motar ɗaukar masara muna ƙofar firamare a Dayi". Ƙugiya biyu. Abin da ya iso wayar Jibril ya tsaya a "Da". Shi kuwa jiya-jiya aka yi masa zancen kayan Danja, sai ya ta da mota ya miƙe can hankali kwance. Kafin a gane an yi ɓatan kai, hadarin ƙarshen damina ya haɗo, ya sauke ruwa a kan buhunan bayin Allah.

Washegari Alhaji Maiwada ya hawo ofis ko sallamar kirki babu. Abdulmutallib ya gyara zama, yana jira a ambaci sunan Susana. Alhaji ko kallon ta bai yi ba.

"A rufe abin nan," ya ce. "Manzon da ke cinye rabin saƙo ba manzo ba ne. Mu koma kiran waya, kowa ya ji muryar ɗan'uwansa."

Abdulmutallib ya zaro ido. Ɗan Aike fa! Ɗan Aikensa da ya raina tun yana layi goma! Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba.

"Alhaji, don Allah a yi haƙuri, layi ɗaya ne! Ƙugiya ce kawai, na gwada na gani da idona, yanzun nan zan gyara!"

Susana ta ɗago kai a hankali ta dube shi, babu fushi a fuskarta, kuma da ma fushin ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ashe ka gwada, Malam Abdul," ta ce.

Alhaji ya saki marfin ƙofar da ya kama, ya juyo.

"Yaushe ka gwada?"