Ƙarfe Ɗaya a Kan Jaridu Biyu

"Ba zan cire ta ba," in ji Baba Mai Jarida, bai ko ɗaga kai daga teburinsa ba.

Shugaban matasan jam'iyya mai mulki ne tsaye a gabansa, da wasu ƙarti a bayansa. Ni na fito ke nan da jakata zan tafi ofis. Abin da suka zo da shi bai da tsawo: Baba ya daina shimfiɗa jaridar 'yan adawa, wadda ake kira Ja saboda launin kanta, ya bar Shuɗiya ta gwamnati kaɗai har a gama zaɓe.

"Haba Baba, kai fa namu ne. A wuyanka na fara zuwa taron jam'iyya."

"Ƙwarai. Ka kuma yi mini fitsari a wuyan, ban yar da kai ba."

Gaskiya yaron ya faɗa, Baba nasu ne. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, kuma tun ina ƙarama nake jin shi yana mayar wa rediyo magana duk lokacin da ɗan adawa ya buɗe baki. Ni kuwa a Ja nake rubutu tun da na gama jami'a, kuma ban taɓa sunkuyar da kai a kan haka ba. Kullum sai ya karanta shafina, ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Lauya marar kotu, yau ma kin shara ta." Sai mu yi ta musu har motar haya ta wuce ta bar ni. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake sayar da jaridar da ya tsana. Ya ce in bai ga ƙaryarmu ba, da me zai auna ta nasu?

Teburin yana kwanar titi, tsakanin benaye biyu, inda iska ba ta hutawa. Sauran jaridu da mujallu kowace da dutsenta, amma Ja da Shuɗiya ƙarfe ɗaya yake ɗora musu, guntun sifirin mota, rabi nan rabi can. Duk wanda ya ɗaga ƙarfen don ya zaro ɗaya, dole ya dafe ɗayar da tafin hannu. Ko da gangan Baba ya yi haka, bai taɓa faɗa ba. Masu karatun kyauta dai sun saba: tunda hannunka na kanta, sai idonka ya bi.

Shugaban matasa bai san wannan ba, don shi ba mai tsayawa karatu ba ne. Ya fizge ƙarfen zai ɗauke Ja, iska ta rigaye shi, ta kwashi Shuɗiya ta watsa ta cikin kwata, fuskar ɗan takararsu a sama, ruwan wanke-wanke yana bi ta kanta. Mutane suka tuntsire da dariya. Ni ma na yi, da ƙarfi kuwa, kuma ban ɓoye ba.

Dariyar ce ta ƙona musu rai. Ɗaya daga cikin ƙartin ya sa ƙafa ya hankaɗe teburin, teburin ya daki Baba a ƙirji, ya faɗi da baya a kan bakin kwatar. Na ji ƙarar ƙashin. Kafin mu ɗaga shi sun hau baburansu.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki aikin tiyata ba. Aka dawo da shi gida, aka kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da ƙofa, kan katifar da Inna, matarsa, ta shimfiɗa wa leda. Ɗakin ya koma warin magani da na jikin da ba ya motsi. Bayansa ya fara ciwo, sannan ƙirjinsa ya cika. Hular jam'iyyarsa tana rataye a ƙusa daidai inda idonsa ke sauka. Abokan da suka yi shekaru suna yawon kamfe tare, ko ɗaya bai leƙo ba. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya juyo da kai, in ya ga ba su ba ne ya mayar.

Na gyara ƙafar teburin na riƙa buɗe shi da safe, in na tashi kuma in kawo masa jaridun biyu in karanta masa. Haka muka ji labarinsa. Shuɗiya ta ce wani tsoho ya zame ya faɗi a kwata, hukuma ta jajanta. Ja ta ce 'yan daba sun kai wa wani jigon adawa hari.

"Ni ne jigon adawa? Lauya, ke kika rubuta wannan?"

Na gaya masa abin da na rubuta daban ne, edita ne ya gyara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta tallafe shi tana hararata.

"Namu sun ce ba a ture ni ba, naku sun ce ba ni ba ne," ya ce da ya samu numfashi. "Haɗa su biyun, ko kya samu tsoho ɗaya da aka ture."

Ya so ya kai ranar zaɓe. Ya sa Inna ta yi masa alkawari za a ɗauke shi ko a kujera ne, ya je ya dangwala wa mutanen da suka karya shi. Na ce masa wannan ai ba aƙida ba ce, taurin kai ne. Ya ce ai kowa ya san wace ce ta gaji taurin kai a layin nan.

Bai kai ba. Wata safiya ina zaune a gefen katifar na gama karanta masa Shuɗiya, na ga idonsa a rufe, sai na fara ninke ta a hankali. Leɓensa ya motsa.

"Saura ɗayar."

Na buɗe Ja. Ina tsakiyar labarin farko Inna ta dafa hannuna ta ce, "'Yar nan, bar shi haka." Na gane abin da take nufi. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen shafin.

Editanmu ya zo ta'aziyya da mai ɗaukar hoto. Bayan ya gaisa da Inna ya ja ni gefe, ya ce shafin farko na Baba ne gobe. Za a ɗauki teburin da hotonsa a jingine, Ja kaɗai a kai. In kwashe Shuɗiya, daga yau kuma kada ta sake hawa teburin, don ba a ajiye jaridar waɗanda suka kashe mutum a kan teburinsa.

"Yallaɓai, sai dai ku ɗauka yadda ya bar shi. Ku kuma rubuta cewa ɗan jam'iyya mai mulki ne, da hularsa."

Ya ce wannan zai rikita masu karatu. Na ce to su rikice. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce in zaɓa, ko shafina ko teburin mamaci.

Shafin yanzu wani ke rubuta shi. Magoya bayan gwamnati ba sa tsayawa a teburin, don sun san ko wace ce ni. Mutanenmu kuma sun ce an saye ni, waɗanda muka yi karatu tare suna tsallaka titi in sun hango ni. Mahaifina ya ce bai kai ni jami'a don in zauna bakin kwata ba, ya daina cin abinci a inda nake. Wanda ya hankaɗe teburin yana wucewa a babur kusan kullum, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai.

Da safe Inna takan miƙo mini ƙarfen ta ƙofa. In shimfiɗa Ja, in shimfiɗa Shuɗiya, in ɗora shi rabi nan rabi can. Wani lokaci har rana ta take ba wanda ya ɗaga shi, sai gefunan jaridun ke ta kaɗawa a iska.