Akwatin Baba Hagu

Ta cinye fa! Wallahi ta cinye su kaf, Autar Baba Hagu, 'yar ɗakin da ke kallon namu! Ai kun gani a waya, yarinyar nan da ta ɗaga kofi a gaban dubban mutane ko murmushi ba ta yi ba. To masu cewa girman kai ne, da masu cewa ta bar ubanta a kwance rai a hannun Allah ta tafi buga gem, ku matso ku ji daga bakin wadda take cikin ɗakin. Ni ce nan na riƙe masa wayar.

Baba Hagu shi ne mai shagon gem ɗin da ke ƙarƙashin benenmu, mai bencin nan da fankar da ke kuka kamar akuya. Wasan faɗa kaɗai ake bugawa a wurinsa, irin wanda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa, kowa ya zaɓi gwarzonsa, a yi ta naushin juna a allo har layin jinin ɗaya ya ƙare. In ka shigo neman wasan ƙwallo, ƙofa zai nuna maka. Shi ba ya bugawa da ɗan abin hannun nan na kowa da kowa. Akwati gare shi na katako, da kansa ya haɗa, sandar juyawa a dama, madannai a hagu, komai a juye tunda bahago ne. A kansa Auta ta koya tun ba ta kai tsawon benci ba. Auta ake ce mata, alhali ita kaɗai ce, uwarta ta rasu ba ta yi mata ƙani ba.

A saman akwatin akwai wani rami da aka liƙe da maɓallin rigar jarirai, ruwan hoda. Nan ne gurbin madannin da ake tsayar da wasa. Babu wanda ya taɓa zama a bencin nan bai sha labarin ramin ba. Dokar gasa ita ce, in ka danna tsayarwa ana tsakiyar faɗa, ka faɗi wannan zagayen. In kuwa ka tashi daga kujera ka tafi, ka faɗi gaba ɗaya. To Baba Hagu yana saurayin magidanci ya taɓa kaiwa wasan ƙarshe, saura naushi ɗaya ya gama da abokin karawarsa, sai wani ya raɗa masa cewa matarsa na naƙuda. Ya danna tsayarwa, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a wurin, ya ruga asibiti.

"Kuma don wulaƙanci," haka yake ƙarasawa kullum yana harar Auta, "sai washegari ta fito."

Wanda ya ci kyautar ranar, talabijin ce, shi ne Direba, wanda har yau yake zuwa shago su yi ta zagin juna. Da Baba Hagu ya dawo gida ya sa filaya ya tumɓuke madannin.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Asibiti suka yi iya yinsu suka ce a koma gida. Ƙafafu suka kumbura, ido ya yi rawaya, amma bakin nan lafiyarsa lau. Yayarsa, wadda duk benen ke kira Gwaggo, ta tare a ɗakin da tabarmarta da carbinta. Ana cikin haka babbar gasar ta zo, irin ta yanzu, ba ta talabijin ba, mai kuɗin da ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba. A ƙaton zauren nan na ƙetaren gada ake yi, mota ɗaya ce tsakaninmu. Auta ta yi ta doke mutane har ta kai ranar ƙarshe.

Da safiyar ranar na shiga kai musu ruwan zafi, 'yata Ɓulɓul a kafaɗa, na tarar da Auta zaune a bakin gado ta rungume akwatin, ba ta ko sa takalmi ba.

"Ba inda za ta," in ji Gwaggo. "Dubi idonsa fa. Me za a ce? A ce uba na jan numfashi 'ya na can tana danne-danne da ƙartin maza?"

"Yaya, idon nawa ne ko naki?" in ji Baba Hagu.

"Kai dai tun kana yaro ba ka jin magana."

"To yanzu zan fara? Ai na makara." Ya juya kan Auta. "Ke, tashi. Direba na ƙasa yana ƙona mai."

Auta ba ta ɗago ba. Ta sa ɗan yatsa tana shafa maɓallin nan ruwan hoda.

"Baba, kai ai ka tashi saboda ni."

"Na tashi ne don akwai mai zuwa, na je tarba. Ke wa za ki tarba? Ni hanyata a share take, ba na neman ɗan rakiya." Ya yi tari, ya huta. "Sau ɗaya aka tsayar da wasa a gidan nan, kuma ya ishe mu. In kika zauna a kujerar nan, ko rufin zauren ne ya faɗo, ki gama tukuna."

"In wani abu ya faru fa?"

"In ya faru, ya faru ina kallonki. Amarya za ta riƙe min waya. Ko ba haka ba, Amarya?"

Ni ce Amarya. Har na haihu bai sauya min suna ba. Na ce masa haka ne. Auta ta durƙusa ta ɗora goshinta a bayan hannunsa, ta daɗe, sannan ta saɓa akwatin ta fita. Gwaggo ta bi ta har bakin bene tana faɗa, ta dawo tana share ido da gefen mayafi.

Da rana ta take na cika wayata da caji na zo na zauna kusa da filonsa. Ya ce a ɗora masa Ɓulɓul a ƙirji. Gwaggo ta ce nauyi, ya ce nauyin da ya fi wannan ma yana ɗauke da shi. Dama tun ranar da na dawo da ita daga asibiti shi ne mai sa ta barci. Yatsun hagunsa yake ɗora mata a gadon baya yana dannawa kamar madannai, biyu a hankali, ɗaya da sauri, sai ya shafa. Wai haɗin naushin Tsohuwa ne. Tsohuwa ita ce gwarzuwarsa a gem ɗin, wata ƙanƙararriya mai faɗa da laima, wadda duk ƙwararru suka raina. Auta ma ita take ɗauka.

Kai, ku zo ku ga zaure! Fitilu ja da shuɗi, allo kamar bangon gida, masu sharhi suna ta ihu. Ga abokin karawarta, wani da ake kira Injin, riga duk tambarin kamfanoni, har da mai tausa masa yatsu. Ga Autarmu da akwatin katako a cinya, duk ya sha salatif. Wani mai sharhi ya ce wai daga gidan tarihi ta aro shi.

"Ubanka ne gidan tarihi," in ji Baba Hagu.

"A'uzubillahi, a wannan halin?" in ji Gwaggo.

Wanda ya fara cin wasa uku shi ke da kofi. Injin ya cinye na farko kamar shan ruwa. Na biyu ma ya cinye, da ƙyar. Yatsun Baba Hagu dai na ta tafiya a bayan Ɓulɓul. A na uku Tsohuwa ta buɗe laima ta tare wani mugun bugu, ta maƙure shi a lungu ta yi ta jibga har jininsa ya ƙare. Na yi guɗa ban sani ba.

Sai na ji numfashinsa ya sauya. Yana ja, sai ya tsaya, sai ya sake ja da wani ƙara. Gwaggo ta ji kafin ni. Ta miƙe tsaye, ta ɗauki wayarta.

"Yaya, kar ki..."

"Ka yi min shiru! Ni na goya ka. Ba zan bari yarinyar nan ta yi ta cizon yatsa har ta mutu ba."

Ta kira lambar Auta. Direba ne ya ɗauka, shi ke riƙe da jakarta. "Ka ce ta taho yanzu yanzu, ubanta na tafiya!" Ta kashe.

A wayata muka ga sauran. Ana shirin shiga wasa na huɗu, sai ga Direba a gefen dandamali yana magana da alƙalin wasa, hularsa a hannu. Alƙalin ya hau, ya dafa kujerar Auta. Ta zare abin kunnenta. Ya sunkuya ya faɗa mata. Masu sharhi ma ba su san me ake ciki ba. Kyamara ta matso fuskarta. Ta dafa hannun kujera, ta ɗan ɗaga jikinta.

Baba Hagu ya yunƙuro kansa daga filo, shi da tun jiya sai an ɗaga shi.

"Zauna," ya ce wa wayar. "Zauna, 'yar nema."

Ba ta ji shi ba, ina za ta ji? Amma ta sunkuyar da kai, idonta ya sauka kan akwatin da ke cinyarta. Na rantse muku maɓallin nan take kallo. Ta goge fuska da hannun riga, ta girgiza wa alƙali kai, ta mayar da abin kunne, ta gyara zama.

"Yauwa," in ji Baba Hagu. Ya mayar da kai. Dariya ce ta so fitowa, ƙarfinta bai kai ba. "Kin gani, Yaya? Jinina ce."

Gwaggo ta zube a bakin gado ta kama ƙafarsa tana kuka tana yi masa addu'a, shi ma leɓensa na binta. Ana haka wasa ya yi zafi, Injin ya taso wa Tsohuwa, sai na ji Gwaggo ta katse ta ce, "Ke, buɗe laimar mana! Buga masa a ka!" Ta kama bakinta, ta ci gaba da addu'arta, ido ɗaya a waya.

Auta ta cinye na huɗu. Biyu da biyu.

A tsakiyar na biyar ne Ɓulɓul ta motsa ta yi ɗan ƙorafi. Na duba, sai na ga yatsun sun tsaya. Suna nan a bayanta, a shimfiɗe. Gwaggo ta kira sunansa na yarinta, wanda ban taɓa ji ba, ta sake kira. Sannan ta yi salati ta miƙo hannu za ta shafe masa ido.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban san hukuncin abin ba. Na dai ce, "Gwaggo, don Allah ki bari a gama."

Ta dube ni kamar za ta mare ni. Sai ta janye hannun. Hannuna ya sage, hawaye ya hana ni ganin allon sosai, amma ban sauke wayar daga gaban fuskarsa ba. Jinin Auta saura ɗan siriri kamar zare, na Injin ma haka. Ya yi tsalle ya taho ta sama. Tsohuwa ta ja baya, biyu a hankali, ɗaya da sauri, laima ta tashi. Zauren ya fashe da ihu. Sannan Gwaggo ta rufe masa ido.

Ba ta tsaya hira da 'yan jarida ba. Kofin ma ɗagawa ɗaya ta yi ta miƙa wa Direba, shi ya shigo da shi a ƙarƙashin hammata yana kuka kamar yaro. Rana ba ta faɗi ba suka iso. Mutane cike da barandar bene, masu ƙus-ƙus suna yi. Auta ta ratsa su da akwatinta, ba ta kalli kowa ba. A bakin ƙofa wata ta ce, "Sai yanzu?" Gwaggo ce ta fito ta amsa mata.

"Aikenta ubanta ya yi, ta je ta isar. Akwai mai magana?"



Da ta fito daga wurinsa ta same ni a ɗakina. Muryarta a dishe.

"Anti, ya gani?"

"Ya ga kin zauna. Har ya ce yauwa."

"Ƙarshen fa?"

"Ban tsayar ba," na ce. "Yana gabansa har aka gama."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin ta yi kukan.

To kun ji yadda aka yi. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na gaba, har ya kai wurin masu cewa ba ta da tausayi. Amma kar wanda ya kira ni yanzu, kar ƙarar waya ta tada yarinya. Tun da aka kai shi Ɓulɓul ta ƙi barci, na yi jijjiga na yi goyo duk a banza, sai ɗazu Auta ta shigo ta karɓe ta. Ga su nan a bakin taga, ta kwantar da ita a kafaɗa, yatsun hagunta na tafiya a bayanta, biyu a hankali, ɗaya da sauri. Idon ya fara lumshewa.