Allah Ya Ƙara Lamba

Ni dai gidan mai fataucin shanu na yi zaman aure, shekara arba'in da 'yan kai. Abin da na sani, in marigayi ya dawo daga kasuwar Mashi ya ce yau kai talatin ne, to ya fi jiya da suke ashirin. Shi ya sa ranar da jikata Rauda ta bugo waya ta ce, "Iya, na samu lamba, ni ce ta ɗari bakwai a duniya," ban tsaya wata tambaya ba. Na ce Allah ya ƙara. Na sa aka toya waina aka raba sadaka.

Tanis take bugawa. Ubanta Dabo, autana, shi ke share filin wasan a wani kulob a Kaduna, can ta tsinci abin bugun, wata rariya mai dogon mariƙi, ba ta sake ajiyewa ba. Yau tana Legas, gobe Masar, jibi Tunisiya. Mutanen unguwarmu a nan Daura gani suke daɗi take ji. Ita kuwa ta ce mini su huɗu ne a ɗaki, kowa ta wanke kayanta ta shanya a taga. Filin ba 'yan kallo, daga alƙali sai kujeru. In aka cinye ki ran Litinin, sai ki zauna ki jira wata Litinin ɗin.

Kowace asuba sai na ɗaga hannu na ce, Allah ka ƙara wa Rauda lamba. Kuma ba a taɓa amsa mini addu'a da sauri irin wannan ba. Ɗari takwas. Ɗari tara. Har muka haura dubu.

Bara waccan maƙwabciyata Siddiƙa, malamar firamare, ta ja ni gefe.

"Iya, wannan lambar fa ƙarama ake so. Kamar sahun masallaci ne, na gaba shi ne na ɗaya. Dubu kuwa can wajen takalma ne."

Na ce to, na ji.

A waccan shekarar Rauda ta zo sallah. Na ga ta kasa ɗaga hannun dama ta ɗaura ɗankwali, sai da ta sunkuyo da kai ta tarye shi. Ta ɗauka ban gani ba. Da asuba na ɗaga hannu, na maimaita addu'ata yadda take, ko harafi ban canja ba.

Daminar bana ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gida da doguwar jakarta. Ta rame, ta yi baƙi. Ta zube a tabarma ko takalmi ba ta cire ba.

"Tsohuwa, ba ki mutu ba?"

"Ke nake jira ki fara, ja'ira. Juyo da kafaɗar nan."

Na narka man shanu ina murza mata, tana cije leɓe tana yi mini bayani. Wai maki ake tarawa, kuma makin ba ya kwana biyu. In shekara ta zagayo sai ya zube, kamar hatsin da ƙwari suka shiga. Nata na ƙarshe wata mai kamawa zai zube. Saura gasa ɗaya a Legas. In ba ta ci ba, a goge sunanta daga jerin gaba ɗaya.

"Sai kuma me?"

"Sai in dawo in zauna miki a ka."

Na ci gaba da murza kafaɗar. Ɗakin kusa da nawa tun kafin azumi na sa aka share shi, har da sabuwar katifa.

"Wai Iya, wace addu'a ma kike yi mini?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har ta kwanta, har da hawaye.

"Shekara bakwai! Ni ina ja ƙasa, ke kina ja sama! To wa zai iya da ke?"

"Ni na je makaranta? Ina zan sani?"

Ta share ido ta dube ni. "Anti Siddiƙa ta ce ta gaya miki tun bara waccan."

"Kunnen nan nawa ba kullum yake aiki ba."

Ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta kama hannuna, da maiƙonsa da komai.

"Iya, na gaji, wallahi na fi ki sanin na gaji. Amma in zan bari, ina so ni na ajiye da hannuna, ba goge ni aka yi ba. Sau ɗaya tak. Juya mini addu'ar nan."

Kwana uku ta yi ta koma. Na raka ta tasha, na ga yadda ta ɗauki jakar da hagu.

Washegari da asuba na daɗe zaune a kan sallaya. Daga baya na ce, Allah, ni ce dai ta jiya. Abin nan da na yi ta cewa a ƙara, a yi haƙuri, a rage.

Ran Juma'a da la'asar waya ta yi ƙara, Siddiƙa ta danna mini ta kara a kunnen da ba ya aiki.

"Iya! Uku na ci a jere! Sunana na nan, lamba za ta dawo ɗari tara da wani abu!"

"Madalla. Kafaɗar fa?"

"Tana nan."

"Yaushe za ki zo?"

"Akwai Tunisiya sati uku. Daga nan Masar. Shekara guda ce fa na ƙara samu, Iya."

Siddiƙa ta ce a toya waina ne? Na ce a toya. Na rufe ƙwaryar man shanu na mayar ƙarƙashin gado, na jingine katifar da bango saboda danshi.

Da asuba na ɗaga hannu, na rasa wanne zan roƙa, ƙari ko ragi. Sai na roƙar wa kafaɗar kawai.