Safiyar da Aliyya Ta Tashi da Zazzaɓi

Goshin Aliyya kamar murfin tukunya, amma haka uwarta Sailuba ta sa mata safa da takalmi. Ta ɗura mata maganin zazzaɓi, ta zauna bakin gado tana jiran ya kama jikinta. Ta san tsawon lokacin da yake ɗauka. An koya musu a makarantar aikin jinya da take zuwa da yamma.

Gidan raino ba ya karɓar yaro mai zazzaɓi. Ita kuma jami'ar tallafin gwamnati ta riga ta faɗa mata ƙarara cewa zaman aji ba aiki ba ne: dole ta cika sa'o'inta na ninke gwanjo a sito. In ta sake fashi, za a yanke tallafin har da kuɗin raino, makarantar kuma sai dai labari.

Mama Dorkas, 'yar Kafanchan mai rainon yara a gidanta a Hyattsville, garin da suke zaune a ƙasar waje, ta buɗe ƙofa tana murmushi.

"Malamar asibiti, yaushe za ki fara yi mana allura kyauta?"

"Saura shekara, Mama, in Allah ya yarda."

Dattijuwar ta ɗora bayan hannu a goshin yarinyar, kamar yadda take yi wa kowane yaro. Ya yi sanyi.

"Shigo, uwar ɗakina. Ke ma leƙo ki ga baƙona. Ɗan Mairo maƙwabciyarku ne, ko wata biyu bai cika ba. Yau uwar ta koma aiki."

Aliyya ta nufi gadon jaririn, tana tambaya da Turanci ko za a ba ta shi ta riƙe.

Sailuba ta san abin da zazzaɓi yake yi wa jariri kamar wannan. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Sai ta jiyo ƙugin bas daga kwanar titi.

"Mama, kar ki bari ta matsa kusa da shi."

"Don me?"

"Ƙiriniya gare ta."

Mama Dorkas ta dubi Aliyya, wadda duk gidan babu yaron da ya kai ta natsuwa. Ta dawo da idonta kan uwar, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"To," ta ce. "Je ki, kar bas ta bar ki."

Sailuba ta sauka matakala da sauri. Kafin ƙofar ta rufe, ta jiyo tarin 'yarta, amma ba ta waiwaya ba.