Faifan Baba Tamu

Arzika mai gyaran rediyo ya tura faifan cikin na'ura ta uku. Ta yi ƙugi, ta tofo shi waje. Munira na tsaye a bakin rumfarsa a kasuwar Jega, tana murza gefen mayafinta.

"Ɗiyata, mi ag ga wanga faifai?"

"Muryar Babanmu ce," ta ce a hankali. "Tamu mai gangar noma, na Kashin Zama."

"Allah ya jiƙan Tamu! Na yi noma da kiɗinai."

Shekara ashirin ke nan da wani mai ɗaukar sauti ya zo daga birni, ya ɗauki waƙoƙin Tamu, ya ba shi faifan. Ya ce irinsa ya fi kowane kyau, har numfashin mawaƙi ana ji, kuma zai kai jikoki. Tamu ya naɗe shi a ƙyalle, yana jiran ranar da na'urar kunna shi za ta iso ƙauye. Bara ya rasu. Yanzu Munira takan tuna kalmomin waƙar, amma muryar ta fara ɓace mata.

Arzika ya ɗaga faifan, ya duba.

"Ko ƙwarzane babu. Sai dai irin na manya ne, na'urarshi daban take. Ban taɓa ganinta ba, kuma an ce ko masu yin ta sun kusa bari. Kowa ya koma waya."

"Ko a Sakkwato?"

"Wa ya sani? Ke, ba ku da kasetinai? Shi kaset, duk da shiriniyar sautinai, yanzu in zuba miki a waya."

Munira ta sunkuyar da kai. Kaset goma sha biyu suke da su. Ranar da faifan ya zo, Baba ya ce mai doki ba ya kiwon jaki. Ita da hannunta ta zare zaren kaset ɗin duka, suka ja shi a gonar gero don korar tsuntsaye.

Da la'asar ta sauka daga mota, ta bi ta gonar. Yayanta Rilwanu na rataye tsofaffin faya-fayai a kan igiya, suna walƙiya, tsuntsaye na watsewa.

"Ya yi magana?" ya tambaya.

Ta girgiza kai.

"To kawo shi. Ya fi waɗanga ƙyalli."

Ya miƙo hannu. Ta warware ƙyallen da faifan ke ciki.

"Ba ni igiyar, Yaya. Ni zan ɗaura."