Tsohon da Ba Shi da Takalmin Hagu

Shekara uku Mai Zane ta yi tana shan wahala a kan jarumin littattafanta na labari cikin hotuna. Ta yi masa ƙirji kamar ƙofar gareji, ta sa ya mari zaki, ya tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Masu karatu ko tari ba su yi ba.

A littafi na huɗu, don cike gurbi a bayan jarumin, ta zana wani tsoho yana jiran mota, rungume da fanka. Tana cikin zanen aka kira ta a waya, ta manta ba ta yi masa takalmin hagu ba. Haka aka buga.

Bayan sati biyu edita ya kira ta ofis. Takalma ne tsibi guda a kan teburinsa, duk na hagu.

"Malama, masu karatu ne suka aiko. Wai a ba tsoho."

"Wane tsoho?"

"Na shafi na sha ɗaya. Wata har da safa ta haɗo."

"Jarumin fa? A shafin nan bene ya rufto masa!"

"Ai shi ƙarfe ne, zai tashi. Ni dai gaya mini, ina tsohon zai kai fankar nan?"

Ta koma gida tana huci, ta tarar da mijinta ya duƙufa a kan shafin da tabarau.

"Gyara zai kai ta," in ji shi. "Matarsa ba ta jure zafi. Dubi yadda ya ƙanƙame fankar."

"Ni na zana shi! Ba shi da mata!"

"Allah sarki. Ashe ta rasu." Ya cire tabarau yana share ido.

A littafi na biyar ta zana wa tsohon takalmi sabo fil, kowa ya huta. Kwana biyu da fitowar littafin, sai ga wani mai gyaran takalma ya yi sallama a ƙofar gida, littafin a hammata.

"Malama, ya matse shi. Shekara talatin ina wannan sana'a. Dubi yadda ya ɗage diddige."

Ta buɗe baki za ta fatattake shi, sai idonta ya faɗa kan hoton. Wallahi kuwa ya ɗage diddige. Ta ƙura wa tsohon ido: mutum ga shekaru, ga kaya, ga mota ta ƙi zuwa, kuma ita ce ta ƙara masa da ciwon ƙafa.

Ta jawo wa mai gyaran kujera, ta feƙe fensir.

"Lamba nawa kake gani, Baba?"

"Arba'in da uku. Amma mai faɗin baki."